Taki: Kyauta Ce Ko Biyan Bashi?

Gabatarwa

Kalmar taki ba ta cikin kalmomin da ake yi wa ado. Ba a raɗa wa yaro ita, ba a sa ta cikin kirari, in kuwa aka ambace ta ana cikin cin abinci sai wani ya ɓata fuska. Duk da haka, da wuya a sami tuwon da ya shiga bakinmu wanda taki bai share masa hanya ba. A wannan fitowa muna so mu zauna da wannan kalma, tare da 'yar'uwarta jiƙa, mu ga abin da Bahaushe yake nufi sa'ad da ya furta su, sa'an nan mu auna kanmu da su. Wurin da za mu tsaya mu yi wannan awo shi ne Maitama, a Birnin Tarayya Abuja, gama unguwa ce inda ƙasa take shan ruwa da taki rani da damina, inda kuma ake cin amfanin gona mai yawa alhali ba a noma abin kirki a wurin.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: sa'ad da mai hali na birni ya miƙa wani abu ga ƙauye da gonakinsa, kyauta ya yi ko bashi ya biya? Kada mai karatu ya ɗauka wasa da kalmomi ne. Mai kyauta yana da ikon fasawa, yana zaɓen ranar da ya ga dama, yana kuma jiran godiya. Mai biyan bashi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da manomi yake nufi da taki

In ka tambayi dattijon manomi mene ne taki, zai lissafa maka kashin shanu, na tumaki da awaki, na kaji, da toka, da ƙaiƙayi, da sharar tsakar gida, da ruɓaɓɓen ganye. Mu lura da abu guda da ya haɗa su duka: kowannensu saura ne na abin da ya fito daga ƙasa. Kara da harawa daga gona suka zo, dabba ta ci, ta fitar da kashi. Itace daga daji ya zo, aka dafa tuwo da shi, ya bar toka. Ƙaiƙayi kuwa rigar hatsi ce da aka tuɓe a wurin sussuka. Saboda haka, sa'ad da manomi ya ɗora taki a kan jaki ko amalanke ya nufi gona da rani, abin da ya ɗebo daga wurin ne yake mayarwa.

Shi ya sa ba za ka ji manomi ya ce ya yi wa gonarsa alheri ba. Abin da za ka ji shi ne, gona ta gaji, ko ƙasa ta mutu, ko wuri ya zama faƙo. Yana maganar ƙasa kamar yadda ake maganar ma'aikacin da aka sa aiki ba a ba shi abinci ba. Ya kuma san alamun wannan gajiya: ganyen masara ya yi rawaya tun daga ƙasa, zangarniya ta ƙanƙance, wuta-wuta ta mamaye dawa da gero, gama wannan ciyawa ta fi samun sarari a ƙasar da ƙarfinta ya ƙare.

Kakanninmu sun gina zamansu a kan wannan sani. A kewayen birnin Kano, jakuna sukan shigo gari da itace da hatsi, su koma ƙauye da mangala cike da takin gari, wato shara da toka da kashin dabbobin da ake kiwo a gidaje. Michael Mortimore, masanin ƙasa ɗan Ingila wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, ya nuna yadda mutane masu yawan gaske suke noma gonaki ɗaya kowace shekara ba tare da barinsu su huta ba, ƙasar kuwa ba ta mutu ba. Asirin ba wani abu ba ne illa wannan kai da komo: birni ya ci daga ƙauye, ya kuma mayar. Haka nan tsakanin manomi da makiyayi. Bayan kaka, Bafulatani yakan sauka da garkensa a gona, shanu su ci kara su bar kashi, mai gona ya ba shi damin gero ko na dawa. Ba wanda ya ɗauki kansa mai yi wa ɗan'uwansa sadaka, kowa ya san abin da ya karɓa da abin da ya bayar.

Daga baya wani sabon abu ya iso cikin buhu. A shekarar 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano hanyar kamo sinadarin naitirojin daga iska, a 1913 kuma Carl Bosch ya mai da wannan hanya aikin masana'anta. Masana suna ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau suna cin abincin da ba zai samu ba in babu wannan sinadari. Ba abin rainawa ba ne. Da ya iso ƙasar Hausa, Bahaushe bai ƙirƙiro masa sabuwar kalma ba, sai ya ce takin zamani, ko takin Bature, ya rarrabe kamfa da yuriya da supa. Da ya ba shi tsohon suna, ya sa shi ƙarƙashin tsohuwar doka, wato shi ma madadin abin da aka ɗebe ne. Amma buhu yana da ɓoye gaskiya. Tun da daga masana'anta yake fitowa, ta hannun gwamnati kuma ya fi zuwa, sai muka fara jin ana cewa rabon taki, tallafin taki, wane ya taimaka wa manoma da taki. Da haka kalmar ta tashi daga harshen mayarwa ta koma harshen kyauta.

Lissafin buhu

Bari mu yi ɗan lissafi. Tan ɗaya na ƙwayar masara yana fita daga gona da kimanin kilo 15 na naitirojin, ban da sauran sinadarai. Wato kowane buhu mai kilo 100 yana tafiya da wajen kilo ɗaya da rabi. Buhun kamfa mai kilo 50, irin mai lamba 15-15-15, yana ɗauke da kilo 7 da rabi na wannan sinadari, daidai da abin da buhun masara 5 suka kwashe. Buhun yuriya kuwa yana da kilo 23. Ba duk abin da aka zuba ne shuka take samu ba, sau da yawa rabi ko fiye yakan salwanta. Busasshen kashin shanu kuma bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, sai dai yana da abin da buhu ba shi da shi, gama yana gyara jikin ƙasa ta riƙe laima.

To, mu tuna da manyan motocin da suke tasowa daga Saminaka, da Giwa, da Dandume, da Dawanau, da doyar da ke fitowa daga Binuwai da Neja, da dankalin Filato, duk suna nufar Abuja. Kowace mota ƙarfin wata gona ta ɗauko. Bayan an ci, saura yana tafiya juji a Gosa, ƙazanta kuma ta bi bututu zuwa matatar Wupa. Babu jakin da yake komawa da mangala. Tafiyar ta zama ta zuwa kawai.

A nan ne Maitama take da abin koya mana. Kafin dokar da ta kafa Birnin Tarayya a ranar 3 ga Fabrairu 1976, wannan wuri gonakin Gbagyi ne, mutanen da aka sani da noman doya da dawa. Aka tashe su, aka mai da da yawa daga cikinsu Kubwa, gwamnati kuma ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991. A yau unguwa ce ta ofisoshin jakadanci, da manyan otal, da gidajen manya. A cikinta ne filin shaƙatawa na Millennium yake, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a ranar 4 ga Disamba 2003. A tsakiyar rani, lokacin da ciyawar daji ta bushe ƙurmus, za ka ga harabar gidaje kore shar, ana yi mata ban ruwa safe da yamma. A bakin titi kuma ga masu sayar da furanni da buhunan baƙar ƙasa da kashin kaji da na shanu. Ashe taki yana shigowa birni har yanzu, sai dai ciyawar ado yake ciyarwa.

Ba muna cewa dasa fure zunubi ne ba. Itatuwa suna rage zafin gari, lambu yana ba mutane aikin yi, ido kuma yana da hakkinsa na ganin abu mai kyau. Abin da muke nunawa shi ne yadda hanyar ta juya. Dā birni yana aika taki ƙauye domin a sami hatsi. Yanzu ƙauye yana aiko da hatsin, yana kuma aiko da takin.

Ai na biya kuɗina

Wani zai ce, wane bashi kuma? Na je kasuwa, an faɗi kuɗi, na biya, ciniki ya ƙare. Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a ture ta da hannu ɗaya ba. Wanda ya saya da halalinsa ba ɓarawo ba ne, kasuwar birni kuma ita ce take sa manomi ya ga amfanin wahalarsa.

Amma mu tambaya, me kuɗin nan ya biya? Ya biya direba da dillali da ɗan dako, ya biya wani ɓangare na gumin manomi. Ko ya isa a mayar wa ƙasa abin da ta rasa? Da ya isa, da gonakinmu ba su yi ta ramewa ba. Yawancin ƙananan manoma da kaka suke sayarwa, lokacin da hatsi ya fi araha, domin bashi da kuɗin makaranta da na asibiti ba sa jira. Sa'ad da damina ta zo, taki ya yi tsada, kuɗin ya riga ya ƙare. Arahar da muka yi murna da ita a birni, ƙasa ce ta cika gibinta daga jikinta. Ƙasar nan kuwa ba ta manomin yau kaɗai ba ce, ta 'ya'yansa da jikokinsa ce, su kuma ba su kasance a wurin cinikin ba balle su ce albarka.

Har wa yau, ba hatsi kaɗai birni yake ɗebowa ba. Da yawa daga cikin masu zama a manyan ofisoshi a yau, akuya aka sayar aka biya musu kuɗin jarrabawa, wata gwaggo ta ba da kajinta, wani kawu ya bar nasa ɗan a gona domin wannan ya tafi makaranta. Ƙauye ya zaɓi irinsa mafi kyau ya aika birni. Babu takardar da aka sa wa hannu, babu kotun da za ta bi wannan bashi, ba a kuma iya faɗin adadinsa. Amma rashin takarda bai taɓa soke hakkin iyaye ba, ba zai soke wannan ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Akwai wata ƙorafi ta biyu, ita ma da gaskiyarta. Wani zai ce, in aka kira shi bashi, ashe an ba 'yan'uwa na gida lasin su naɗe hannu su jira ɗan birni ke nan. Amsar tana cikin gonar kanta. Duk manomi ya san in aka zuba taki a gonar da ba a nome ba, ciyawa ce za ta sha, ta ma fi dā ƙarfi. Taki ba ya ɗauke wa kowa fartanya. Mai mayarwa yana da ikon ya tambaya ina abin ya shiga, mai karɓa kuma yana da nasa aikin. Abin da mai mayarwa ba shi da ikonsa shi ne ya mai da lalacin wani hujjar riƙe hakkin kowa.

Takin da bai isa gona ba

Shugabanni ma sun san da wannan bashi. A watan Yuni na 2006, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ƙasashen Afirka suka yi babban taro a kan taki a nan Abuja. Suka yarda cewa manomin Afirka kudu da Sahara yana zuba kimanin kilo 8 ne kawai na sinadarin taki a kowace hekta, suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce ba a cim ma wannan buri ba. A watan Mayu na 2024 aka sake zama a Nairobi, aka ƙara da maganar lafiyar ƙasa, wato a haɗa takin gargajiya da na zamani, abin da manomin Kano ya daɗe da sani.

A gida Nijeriya kuwa, gwamnatoci sun yi shekaru suna kashe kuɗi a kan tallafin taki. Akinwumi Adesina, wanda ya riƙe ma'aikatar gona daga 2011 zuwa 2015, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa kashi 11 cikin 100 ne kawai na manoma suke samun takin da gwamnati ta saya da sunansu. Sauran yana ɓacewa a hanya, ya ɓullo a kasuwa ko a ƙetaren iyaka. A 2012 aka fito da tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar hannu domin ya karɓa da kansa. A 2017 aka sayar da buhun kamfa a kan naira 5,500 ƙarƙashin wani shiri na haɗin gwiwa da Maroko. A watan Maris na 2022 aka buɗe masana'antar Dangote a Lekki, mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Amma bayan yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022, da faɗuwar naira a 2023, kuɗin buhu ya ninka sau da dama, manoma da yawa suka rage abin da suke zubawa ko suka bar masara.

Me ya sa karkatar da taki yake da sauƙi a lamirin mai yinsa? Muna ganin harshen kyauta yana da hannu a ciki. In taki alheri ne da babba yake yi wa talaka, to babban yana iya ba wanda ya yi masa biyayya, ya hana wanda ya ƙi, ya jinkirta har lokacin zaɓe, ya ɗebi rabonsa ya ce ai ko yaya dai sun samu. In kuwa hakki ne da ake mayarwa, wanda ya taɓa shi ya ci amana, wanda ya jinkirta shi ya yi zalunci, wanda ya kai shi kuma aikinsa ya yi, ba ya bukatar maroƙi.

Jiƙa: lokaci, wuri da gwargwado

Kalma ta biyu tana koya mana yadda ake biya. Bahaushe ya bambanta yayyafa da jiƙa. Yayyafi yana taɓa fuskar ƙasa ya bushe, jiƙa kuwa sai ruwa ya ratsa ciki. Uwargida tana jiƙa wake kafin ta yi ƙosai, tana jiƙa gero kafin ta yi kunu. Mai magani yana jiƙa sassaƙe har ƙarfinsa ya fita, a sha jiƙo. In aka daɗe ana jiƙon sai a ce an tsima. Manomi kuma bayan ruwan farko yakan tona ƙasa ya ga iyakar inda laima ta kai kafin ya yarda ya fitar da iri, gama wanda ya yi shuka a kan yayyafi yakan yi asarar irinsa.

Taki ba ya aiki sai ƙasa ta jiƙa. Yuriya da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa aka bar ta a fili, da yawanta iska take bi. Wadda aka zuba a jikin shuka tana ƙone ta. Wadda ta iso bayan masara ta fitar da goyo ta makara. Dole a tona kusa da gindi, ba a jikinsa ba, a zuba daidai, a rufe, a lokacin da shuka take bukata. Haka yake ga abin da muke mayarwa gida. Buhu biyu da suka isa a watan Mayu sun fi goma da suka iso a ƙarshen Agusta. Kuɗin da aka watsa ranar biki ana kiɗa yayyafi ne, kafin gari ya waye ya bushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma jiƙa tana da iyaka. Waken da ya wuce lokacinsa a ruwa tsami yake yi. Ƙasar da ta sha har ruwa ya kwanta a kanta ba ta da sauran wurin iska, saiwa ta shaƙe, masara ta yi rawaya tana tsaye cikin ruwa, takin da aka zuba kuma ya bi malala ya tafi. Sunayen titunan Maitama ma suna iya tuna mana da wannan, gama da yawansu sunayen manyan kogunan duniya ne, akwai titin Nilu, akwai na Misisipi. Kogin Nilu ya yi dubban shekaru yana ambaliya sau ɗaya a shekara, ya shimfiɗa laka mai ƙarfi a gonakin Masar, ya janye. Da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, lakar ta riƙa tsayawa a bayan madatsa, manoman Masar suka koma dogara ga takin buhu. Kogin Misisipi na Amurka kuwa yana kwashe rarar takin da gonaki suka kasa sha, ya zuba a Tekun Meksiko. A can takin yana haifar da gansakuka mai yawa, in ta ruɓe ta cinye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya gudu ko ya mutu. A 2017 faɗin wannan mataccen wuri ya wuce murabba'in kilomita 22,000, wajen ninki uku na dukan Birnin Tarayya. A kogi na farko an tare abin da ya kamata ya wuce, a na biyu an zuba fiye da abin da wuri zai iya sha. Sinadarin da yake kashe kifi a can shi ne wanda gonar Giwa take nema ba ta samu ba.

Mutum ma yana da iyakar abin da zai iya sha. Akwai matsayin da in dukiya ta kai, ƙari ba ya ƙara lafiya ko barci ko kwanciyar rai, sai dai ya ƙara tsawon katanga da yawan masu gadi. Muna da kalmar wannan matsayi, ita ce ƙoshi. Ƙasa tana nuna ƙoshinta a fili, ruwa ya kwanta kowa ya gani. Zuciya ce ba ta cika yarda ta ƙoshi ba. Tulin taki da aka bari a ƙofar gida ba ya tsirar da kome a ƙarƙashinsa, zafinsa yana kashe abin da ya danne, ƙudaje kuma su taru. Ba takin ne ya lalace ba, wurinsa ne bai kai ba.

Me za mu yi?

A cikin Luka sura 13 akwai misalin itacen ɓaure da ya yi shekara uku bai ba da 'ya'ya ba, mai gonar ya ce a sare shi. Mai kula da gonar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi alkawarin zai yi masa kaftu ya zuba taki. Abin lura a nan shi ne, mutumin bai tsaya ga roƙo ba, ya ɗaura wa kansa aiki mai ƙazanta, ya kuma yarda da wa'adi. Tausayin da bai kai ga ɗaukar kwando ba, itacen ba zai san da shi ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mazaunin birni, ko a Maitama kake ko a Nyanya, ga waɗansu abubuwa da suke cikin ikonka. In kana aika taimako gida domin noma, ka aika kafin ruwan shuka, ka kuma tambayi mai gonar irin takin da ƙasarsa take bukata maimakon ka zaɓa masa. In kana sayen hatsi da kaka domin ajiya, kada ka mai da matsuwar manomi ribarka, ka saya a kan kuɗin da kai ma za ka yarda a saya daga hannunka. In kana da mai gadi, ko direba, ko mai ban ruwan furanni, ka sani albashinsa na Afrilu da Mayu shi ne takin wata gona a Kabi ko Filato ko kudancin Kaduna, in ka jinkirta shi mako uku wataƙila ka rage wa wani gida buhu biyar da kaka. In takardar taki tana bi ta teburinka a ofis, ka sa hannu a kan lokaci, kada ka bar buhu ɗaya ya kwana inda ba gona. In kuwa kana da ɗan fili a bayan gida, ka ware ɓawon doya da ganye da sauran abinci daga leda da kwalba, ka bar su su ruɓe su koma ƙasa, yaranka su gani su san daga inda abinci yake fitowa.

Ke ma 'yar'uwa da ke ƙauye, da kai ɗan'uwa manomi, akwai naku. Kada a sayar da takin da aka aiko domin a yi biki. Kada a ƙone kara a bar gona tsirara. Kada buhu ya sa a raina kashin akuya da toka, gama su ne suke riƙe ƙasa ta iya amfana da buhun.

Kammalawa

Mun fara da tambaya, ko kyauta ce ko biyan bashi. Abin da kalmar taki ta nuna mana shi ne, yawancin abin da muke kira kyauta mayarwa ce, ba ta ma kai abin da aka ɗeba ba. Wannan bai rufe ƙofar alheri ba, akwai wurinsa, amma yana farawa ne daga inda hakki ya ƙare. Wanda ya gane haka zai rage jiran godiya, zai kuma rage jinkiri. Damina tana tafe, ba ta kuwa jiran kowa. Kafin hadarin farko ya haɗu, bari kowannenmu ya zauna ya lissafa gonakin da ya ci daga cikinsu, na ƙasa da na mutane, ya ga wace ce ta gaji, ya kai mata nata.